Farcen Ƙahon Kawu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar wata Talata da hantsi, a ɗakin aron da yake zaune a bayan kasuwar Batsari. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Waɗanda suka raka shi ba su cika sahu biyu ba.

Ni ina cikin gida tare da mata, a kan tabarmar da aka shimfiɗa a gindin katanga. Ma'aikaciyar lafiya ce ni, na shiga gidajen rasuwa da yawa, amma ban taɓa zama a makokin da ake auna magana kamar wannan ba. Mace za ta shigo ta durƙusa gaban matar Kawu, ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan shi." Sai ta ɗan dakata, ta ƙara da cewa, "Allah ya yafe mashi abin da ya yi." Ba mai tambayar ta me ya yi. Kowa ya sani.

Da aka faɗi haka karo na uku, wata tsohuwa 'yar ƙauyenmu ta ajiye carbinta a cinya.

"Abin da ya yi?" in ji ta. "Wace ce a nan ba ta tuƙa tuwo da geron nan ba? Ta tashi in gan ta."

Ba wadda ta tashi, ba kuma wadda ta goyi bayanta. Maƙwabciyarmu ta da, wadda aka kashe wa ɗa a gona, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce don Inna, mahaifiyata, ta zo ba don mamacin ba, ta juya. A waje kuma, ƙanena ya ce mini wani tsohon Bafulatani, abokin Kawu tun suna samari, ya tako da ƙafa daga wajen Ruma. Shi ma ɓarayin daji sun raba shi da shanunsa. Ya zauna shi kaɗai a gefe har la'asar, ba wanda ya matsa masa wuri a tabarma, sannan ya miƙe ya ce, "Mutumin nan bai taɓa cin amanar kowa ba," ya kama hanya.

Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Sai da aka watse ta dube ni ta ce, "Ke da kika iya rubutu, ki rubuta shi yadda yake. Naki ma ki sa a ciki, kada ki ɓoye." Shi ne nake rubutawa.

Kawu direban babbar mota ne. Ya yi ƙuruciyarsa a kan hanyar Maraɗi zuwa Agadas, a can kuma ya koyi kiɗan jita wurin Buzaye. Da ƙarfinsa ya fara raguwa ya ajiye tuƙi, ya dawo ƙauyenmu da ke gaba da Runka, a bakin daji, ya rungumi noma. Abin da ya dawo da shi daga shekarun nan bai wuce akwatin ƙarfe ɗaya ba, da ciwon suga, da wata jita mai launin zuma wadda ya ɗinka wa riga da tsohon bargo.

Babban yatsansa na dama ba shi da farce. Wata rana yana ƙarƙashin mota jak ya zame, ƙarfe ya danne yatsan, farcen ya fita bai sake tsirowa ba. Saboda haka ya yi wa kansa farce na ƙaho. Abokinsa Bafulatanin nan ne yake kawo masa ƙahon. Na sha zama ina kallon yadda yake yi. Zai yanki ƙahon da zarto, siriri kamar faɗin yatsa, ya kara shi a garwashi har ya yi laushi, gidan duk ya ɗauki ƙauri, matarsa tana faɗa. Sai ya naɗe shi a jikin wata sanda da ya fere daidai kaurin yatsansa, ya tsoma a ruwan sanyi. Idan ya sandare ya zama kamar zobe mai ɗan harshe a gefe. Harshen nan yake yini yana kankarewa da fasasshiyar kwalba, yana gwadawa a tsirkiya, yana girgiza kai, yana sake kankarewa. Cikin biyar da ƙyar ɗaya ke yi masa.

Kiɗansa iri biyu ne, shi ya raɗa masu suna: tsinta da shara. A tsinta, farcen ƙahon yana tafiya a kan tsirkiyoyi masu kauri, ɗaya bayan ɗaya, ba sauri ba tsayawa, sauran yatsun kuma suna tsintar sirarun a ƙasa, har ka rantse mutum biyu ne ke kaɗawa. A shara kuwa, da farcen nan dai zai share tsirkiyoyi shidan gaba ɗaya, sama da ƙasa, sai ka ga 'yan mata sun ajiye tulu. Abin da yake so da farcen ke nan, yana zaune a yatsa ba sai an riƙe shi ba, yana iya fita daga tsinta ya faɗa shara a tsakiyar kiɗa ba tare da ya ɗaga hannu ba. Yakan ce, "Babban yatsa shi ke tuƙi. Sauran duk fasinja ne." Idan tsirkiya ta tsinke, wayar birkin babur yake warwarewa ya ɗaura.

Bai taɓa yarda a kira shi makaɗi ba. "Ni direba ne," in ji shi. Ba ya wasa kowa, ba ya zuwa biki ko suna, ko na gidan mai gari. Bayan la'asar yake zama a gindin tsamiyar ƙofar gidansa ya kaɗa, wanda ya so ya zo. A bikina ma, da na aika masa cewa ina so ya yi mini, sai ya ce a faɗa mini tsamiya tana nan inda take, amarya ta zo da ƙafarta. Na yi fushi na kwana biyu. Ranar da za a kai ni kuwa, da muka zo wucewa ta ƙofarsa, yana zaune yana tsinta a hankali, bai ɗago kai ba. Mata suka tsaya da ni a nan har ya gama. Na yi kuka a cikin mayafi fiye da yadda na yi a ɗakin Inna.

Shi da liman sun shekara ashirin suna gardama. Liman ya ce abin nan shagala ne, Kawu ya ce, "Allah gafarta malam, ranar da ka riga ni shiga sahu, zan fasa ta in ba ka itacen ka hura wuta." Gaskiya ne kuwa, da an yi kiran salla zai zare farcen ya soke a naɗin hularsa, ya yi alwala, ya riga kowa. Liman bai taɓa sakin maganarsa ba, amma idan zai wuce ta gindin tsamiya tafiyarsa takan ragu.

Maigidana malamin firamare ne, ya fi kowa son kiɗan nan. Ya nace sai Kawu ya koya masa. Kawu ya auna yatsansa da zare, ya yi masa nasa farcen, ya zaunar da shi wata uku. Daga ƙarshe ya karɓe jitar ya ce, "Malam, yatsan nan naka na alli ne. Ka ci gaba da saurare, shi ka iya." Suka yi ta dariya. Duk da haka kusan kullum tare suke zama.

Sannan daji ya lalace. Ba sai na ba mutanen ƙasarmu labarin yadda ya lalace ba. An kwashe shanu, an ɗauki mutane a hanya, gonakin da ke nesa duk aka bar su. Shekarar da nake magana a kai damina ta yi kyau, gero ya nuna ya sunkuyar da kai, amma mutanen daji suka aiko cewa duk wanda ya shiga gona da lauje ba zai fito ba. Rumbuna babu komai. A ɗakin shan maganin da nake aiki, yaran da ake kawo mini ba magani suke buƙata ba, abinci suke buƙata. Muna ganin tsuntsaye suna cin geronmu daga bayan gari.

Ana cikin haka mutanen dajin suka tare wani ɗan acaɓa, suka ba shi saƙo. Babbansu zai yi aure. Yana son tsohon nan mai jita ya zo ya yi masu kiɗa kwana uku. Idan ya zo, a yi girbi. Ashe wasu daga cikinsu sun taso suna jin sa a gindin tsamiya ranar kasuwa, kiɗansa ma yana cikin wayoyinsu.

Aka taru a zauren mai gari. Maigidana yana wurin, shi ya ba ni labari. Ya ce an faɗi saƙon, sai kowa ya sunkuyar da kai. Ba wanda ya ce wa Kawu ka je, ba wanda ya ce kada ka je. Kawu ya juya ga liman.

"Malam, mi ka gani?"

Liman ya girgiza kai. "Ni ban san mi zan ce maka ba," in ji shi.

"Shekara ashirin kana da abin cewa," in ji Kawu. "Yau da nake nema babu."

Washegari da safe ya wanke rigarsa, ya zaɓi farce guda a cikin gwangwanin da yake tara su, ya rataya jita. Inna ta riƙe masa hannun riga tana cewa, "Yaya, kai da ba ka zuwa bikin mutanen kirki?" Ya ɓamɓare yatsunta a hankali, ya hau bayan babur ɗin da suka turo.

A rana ta huɗu da azahar suka ajiye shi a bakin gari. Bai nufi gidansa ba, wurina ya zo. Ya zauna a benci ya miƙo mini hannunsa na dama. Yatsan ya kumbura har ya haɗiye zoben, ƙahon ya nutse cikin nama, gefen ya tsage yana ruwa. Ya ce tun daga hantsi har faɗuwar rana suke sa shi kiɗa, kuma shara kawai suke so, da ya sassauta sai a harba bindiga sama. Tun rana ta biyu farcen ya ƙi fita. Na nemo ƙaramar filaya na datse ƙahon gida biyu. Gumi kawai yake yi. Na wanke, na ɗaure, na ce masa, "Kawu, da ciwon sugan nan naka, kullum sai an wanke wannan. Kada ka tsallake ko kwana ɗaya."

"To, likita," in ji shi. Haka yake kirana in yana son tsokana.

Aka shiga girbi. Maza da mata da tsofaffi, kowa ya fita, ana yanka ana ɗaurewa ana jidowa a amalanke da ka. Kwana shida ana yi. Mutane suna biyowa ta ƙofar Kawu suna sa masa albarka, wasu suna ajiye masa dami. Kullum da safe yana zuwa in wanke masa yatsa, har ya fara kamewa.

A rana ta bakwai da hantsi babura suka fito daga daji suka faɗa wa masu girbi a gonakin yamma. Har yau ba wanda ya tabbatar ko waɗanda ya yi wa kiɗa ne ko wata ƙungiya ce daban. Sun kashe mutum huɗu. Maigidana yana cikinsu. An kawo mini shi a amalanken da ya tafi da ita ɗaukar gero.

Cikin kwana biyu ƙauyen ya watse. Wasu suka yi Safana, mu muka yi Batsari da abin da muka iya ɗauka, akasari geron nan ne. Kafin mu gama sauke kaya magana ta juya. Aka ce Kawu ne ya yaudari mutane suka fita gona. Aka ce kwana ukun da ya yi a can ya faɗa masu gonar kowa. 'Yan sa-kai suka zo suka tafi da shi, suka yini suna yi masa tambayoyi. Ba su same shi da komai ba, amma kafin su sake shi sun taka jitar a gabansa har ta zama itace.

Ina cikin takaba, kwana tara da rasuwar maigidana, Kawu ya zo ɗakin da aka ba mu ni da Inna. Ya yi sallama ya tsuguna a bakin ƙofa, shi da yake babba. Ya yi mini gaisuwa, na amsa da ƙyar. Hannunsa yana naɗe da tsumma, daga inda nake ina jin warinsa. Na san abin da warin nan yake nufi, aikina ne in sani. Matarsa da ta rako shi ta ce, "Ɗiyata, ko za ki duba mashi? Tun da muka taso ba a wanke ba."

Akwatin kayan aikina yana nan a bayan ƙofa. Na dube shi, na dubi Kawu, na ce, "Ya koma wurin waɗanda ya yi wa kiɗa su wanke mashi."

Inna ta ce, "Ke!" Kawu ya ɗaga mata hannun hagu. "Ƙyale ta," in ji shi. "Tana da gaskiyar jin zafi." Ya dafa bango ya miƙe.

Bai je wurin kowa ba, don a lokacin kunyar shiga mutane yake ji. Sai da zazzaɓi ya kwantar da shi aka ɗauke shi zuwa Katsina. A can aka yanke babban yatsan da manuni. Da labari ya zo mini ban je duba shi ba. Na gaya wa kaina ba ni na aike shi daji ba.

Na fi shekara ban taka inda yake ba, alhali tsakaninmu bai wuce tafiyar minti goma ba. Na koma aiki, ina wanke ciwon baƙi kullum. Nakan hango shi ranar kasuwa a gefen masu gyaran babur, yana zaune hannunsa cikin aljihu, ba mai zama kusa da shi. Sai in sauya hanya. Geron da muka taho da shi kuwa shi muka ci ni da 'ya'yana har wata damina, ina tuƙawa ina ba su, ban taɓa barin kaina in yi tunanin ta inda ya fito ba.

Inna ce ta gaji. Wata safiya ina shirin fita ta ce, "Ciwon ya koma ƙafarshi. Ba zan roƙe ki ba. Amma ki sani mijinki da kanshi ya raka shi har bakin babur ranar nan, ya riƙe mashi jita ya hau. In laifi ne, tare suka yi."

Ban san wannan ba. Maigidana bai faɗa mini ba. Na ɗauki akwatina na tafi.

Na same shi kwance a tabarma a ƙofar ɗaki, ya rame har na so in kasa gane shi. Na gaishe shi, ya amsa kamar jiya muka rabu. "Likita ce? Ya yaran?" Na buɗe ƙafar. Ta riga ta wuce abin da zan iya, amma na zauna na wanke. Ina wankewa hawaye suna zuba a kan audugar. Na ce, "Kawu, ka yafe mani. Da na wanke maka ranar nan da yatsunka suna nan."

"Wannan na yafe tun kafin in kai bakin titi," in ji shi. "Bar shi. Yatsun sun gama aikinsu."

Daga ranar kullum ina zuwa, safe da yamma, har sati bakwai. Ba ya maganar daji, ni ma ban tambaye shi ba. Labarin hanyar Agadas yake ba ni, da yadda ake gane rijiya daga nesa. Sai ana saura kwana uku ya rasu, ina ɗaure masa ƙafa da la'asar, matarsa ta shiga maƙwabta, ya ce, "Akwai abin da ban faɗa ma kowa ba."

Na dakata da ɗaurin.

"Abin da mutane ke cewa na yi, ban yi ba. Allah ya sani. Ba shi ke hana ni sukuni ba." Ya gyara kwanciya. "Rana ta biyu da yamma sun gaji da rawa, suka zazzauna. Sai na bar shara na koma tsinta. Yara ne, ɗiyata. Wasu ba su kai ƙanenki ba. Suka ajiye bindigogi a cinya suka yi tsit. Wani na ga yana share ido. Ni kuma hannuna ya saki, yatsan yana ciwo amma ban ji ba. Tunda nake ban taɓa kiɗa mai kyau irin na ranar ba. Kuma na ji daɗi. Wallahi na ji daɗi, na manta ko su wane ne a gabana."

Ya juyo da fuskarsa gare ni.

"Ke kin yi karatu. Zuwan da na yi, na san abin da zan faɗa in an tambaye ni. Daɗin nan fa? Mi zan ce?"

Na ce, "Ban sani ba, Kawu."

"Ni ma haka," in ji shi. Ya rufe ido. "Ƙarasa ɗaurin, kada magariba ta same ki a hanya."

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka da yatsu takwas da tambayar da ba mu iya amsa masa ba. Kai ka san abin da ya kai shi da abin da ya dawo da shi. Ka yi masa rahama, ka haskaka kabarinsa, ka haɗa shi da maigidana a inda babu tsoro. Mu da muka ci muka yi shiru, ka yafe mana.